Baitin da Aka Soke

"Wannan baitin ki cire shi," in ji shugabar ƙungiya, ta ɗora jan farcenta a ƙasan takardar. "Taron sake gina rayuwa ne, ƙanwata, ba zaman makoki ba."

Tela, mai waƙar, ta dubi baitin. Shi kaɗai ya ambaci 'yarta, wadda tsohon mijinta ya riƙe tun ranar da ya sake ta, ya hana ta ko leƙen yarinyar. Sauran baitocin hanya ce kawai ta isa gare shi: fitowarta da akwati ɗaya, tabarma a ɗakin yayarta, koyon ɗinki. A kan keken ɗinkin ma ta tsara waƙar, kowane layi daidai da bugun ƙafarta.

"Anti, saboda shi na zo. An ce babbar lauya za ta halarta. In ta ji, wataƙila ta tsaya mini."

"Za ta ji ki mana. Amma ki ƙare da murmushi. Masu ba da tallafi ba sa son hawaye gab da cin abinci."

* * *

Zauren ya sha furannin roba. Babban baƙo ya yi dogon jawabi kan darajar mace, matarsa na tsaye a bayansa riƙe da jakarsa. Sannan aka kira "bazawarar da ta yi nasara".

Tela ta rera, idonta na kan lauyar da ke layin gaba. Da ta kai inda aka yarje mata ta tsaya, tafi ya ɓarke. Ta ja numfashi, ta ci gaba:

"Na ɗinke rigar kowa a gari,
Ban san tsayin 'yar cikina ba."

Ba wanda ya ji. Mai kula da na'ura, mutum mai biyayya ga tsarin taro, ya riga ya kashe lasifikarta ya saki kiɗa. Jama'a suka miƙe suka nufi teburin abinci cikin haɗin kan da ba a gani ba lokacin jawabai.

Ta sauko tana kutsawa, mayafinta na zamewa, har ta kamo hannun rigar lauyar a bakin ƙofa.

"Ranki ya daɗe, ina da 'ya..."

"Ah, mawaƙiyarmu! Wallahi kin burge ni." Lauyar ta rungumo kafaɗarta, ta juya ta wajen mai hoto. "Kin warke sarai. Da duk mata irinki ne, ai da mun rufe ofis. Yi murmushi!"

Haske ya walƙa. Kafin idonta ya washe, lauyar ta shige mota, direba ya rufe ƙofa.

* * *

"An dace?" in ji yayarta, wadda Tela ta tarar tana share shagon ɗinki.

"An yi tafi, Yaya."

"To, tafi dai. Sai mu dafa shi."

Tela ta zauna gaban keke, ta jawo 'yar rigar da ta daɗe da yankawa. Wuya ya haɗu, hannuwa sun haɗu, saura kalmasa ƙasa. Ta naɗe bakin rigar daidai inda gwiwar yarinyar take a ranar rabuwa. Ta warware, ta ƙara tsayi kaɗan. Ta sake warwarewa.

Ƙafarta na kan mataki, allurar na tsaye a sama.