Furen da Ba Ya Jure Ƙishi

"Wannan kuwa, ranka ya daɗe, ko wata guda ka manta da shi ba zai yi fushi ba," in ji tsohon mai sayar da furanni, yana shafa wata shuka mai kaurin ganye. "Shekara na zagayowa zai sake fure da kansa. Ba taki, ba lallashi."

"Kin ji ko, Gimbiya?" Maigidanta ya juyo yana washe baki. "Irinki ne sak. Haƙuri kamar ƙasa."

Gimbiya ta yi murmushin da bai kai zuci ba. Ta san yabo ne, amma ya sauka a ƙirjinta kamar dutse.

Bara, suna sabon aure, furen wardi ya dasa mata a bakin taga. Wardin nan ya fi jariri rigima, shi ya sa yamma na yi maigidan ke baro ofis a guje. Ya naɗe hannun riga, ta riƙe masa bokiti, ƙaya ta soke shi, ta hura masa yatsa, su yi ta hira har sauro ya kora su ciki. Da wardin ya bushe, hirar ma ta bi shi. Yanzu sai abinci ya huce kafin ta ji ƙarar makullinsa. Ga shi yau ya kawo ta neman furen da zai rayu ko babu shi.

Can a lungu, ƙarƙashin rumfa, ta hango wani siririn fure cikin ƙatuwar tukunya, ya sunkuyar da kai kamar an yi masa faɗa.

"Wancan fa, baba?"

"Rabu da shi, 'yata! Rana ta taɓa shi ya suma, ruwa ya yi yawa ya ruɓe. Kullum da yamma sai an fito da shi ya sha iska, tukunyar kuwa mutum ɗaya ba ya iya ɗaga ta."

"Allah ya sawwaƙe," in ji maigidan, ya riga ya rungumi mai kaurin ganye. "Wa ke da lokacin wannan jinya?"

Gimbiya ta tsugunna, ta ɗago kan furen da ɗan yatsa. Tana saki ya sake langaɓewa. Tun da take ba ta taɓa ganin halitta mai wayonsa ba.

"Ajiye wancan, Yallaɓai," ta ce. "Wannan za mu saya. Baba, ba mu guda uku."