Bahon Roba

Mai Firji ya tura ƙofar gida da ƙafa, katin allurar riga-kafi a hannunsa, Malama na biye da shi riƙe da sabuwar igiya.

"Kwalli! Fito ka ga uwar ɗakinka!"

Shiru. Kwanon ruwan ɗan kwikwiyon na nan a gindin famfo, tsumman da yake kwana a kai na nan, shi ne dai babu.

Tun ranar da mai gidan haya ya ce masa ko kare ko ɗaki, Mai Firji bai huta ba. Shi kuwa mutum ne mai ƙaƙale, ko ƙusa zai saya sai ya juya ta. Duk wanda ya ce yana son Kwalli, sai ya bi shi har gida ya gani da idonsa. Ya hana mai faci, don a rana zai ɗaure shi. Ya hana amininsa, don gidansa ba katanga, ga titi a bakin ƙofa, har suka daina gaisawa. Malama ce kaɗai ta ci jarrabawar, ita da ta saba yi wa ’ya’yan mutane. Tana da katanga, tana da inuwa, ga haƙuri.

Inna, mahaifiyarsa, ta fito daga ɗaki tana fara’a, rungume da sabon bahon roba ja.

"Na hutar da kai, ɗan nan. Wani bawan Allah ne ya zo a babur, da keji a baya, yana cigiyar kare. Na ce kamar ka sani! Ko tambaya ɗaya bai yi ba, ba irinka ba. Har baho ya ba ni na godiya."

Malama ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Inna, ai waɗannan ba kiwo suke yi ba. Tara su suke a bayan tasha, su loda a mota, a kai inda ake yankawa."

Bahon ya suɓuce daga hannun Inna. Mai Firji ya dube ta. Ina zai sa kansa? Uwa ce, ba a yi mata tsawa.

A motar Malama suka tafi bayan tashar. Inna ta ce ƙafarta ƙafarsu, ta shiga baya da bahon a cinya, takalmanta ma kowace ƙafa daban.

Wari ne ya fara tarbarsu. Ga babbar mota an kusa cika ta, keji kan keji, karnuka a cunkushe, harsuna a waje. Abin da ya fi tayar wa Mai Firji da hankali, ba mai haushi a cikinsu. Kallo kawai suke yi.

"Kwalli!"

Daga kejin ƙasa wani ɗan kuka ya amsa, siririn gaske.

Inna ta gane mai babur ɗin. Ta dangwara masa bahon a gabansa. "Ungo kayanka. Ba ni abin ɗana."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa. "Wannan ɗan mitsitsin? Ko auki ba shi da shi. Ku ɗauka, Baba."

Ya zaro shi ta wuya. Mai Firji ya karɓe shi, ya shafa shi, ya dudduba ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa wa Malama tare da katin. "Yana tsoron tsawa," ya ce. "In ana ruwa, ki shigar da shi ciki."

Inna ba ta motsa ba. Ita da ko inuwar kare ba ta so, ta tsaya tana bin kejunan da ido. A saman motar an ɗaure tulin sababbin robobi, ja da shuɗi da kore.

"Yaro," ta ce wa mai babur, "ina da baho biyu a gida, masu kyau. In na kawo, za ka sauke mini biyu?"

Mutumin ya yi dariya, ya buga jikin motar da tafin hannu. Direba ya tayar.