Furen da Ke Jikin Tulun Gahawa

Pyo Man-seok ya share tambarin sarki da hannunsa. Bai san ya yi ba sai da ya tsufa.

Tambarin fure ne, a jikin wani tulun gahawa na azurfa, mai ƙafa uku da ɗan famfo. Kakansa ne ke zuba wa sarki gahawa a fada, da zai bar aiki aka ba shi tulun kyauta. Duk jajiberin ranar tuna kakanni Man-seok kan sauko da shi, ya haɗa da kwanukan tagulla na gida, ya dirje su da karan shinkafa da garin kaskon rufin ɗaki. Haka uwarsa ta koya masa. Ba wanda ya gaya mata azurfa ba ta da taurin tagulla.

Ba shi da ɗa. In ya mutu, babu mai ajiye wa kakan shinkafa da giya, babu mai kiran sunansa. Shi ya sa ya naɗe tulun a ƙyalle, ya kai gidan tarihi a Seoul. Ba kuɗi yake so ba. Sunan kakansa yake so a rubuta a ƙasan gilashi.

Wata ma'aikaciyar gidan tarihin ta sa safar hannu, ta juya tulun ƙarƙashin fitila.

"Baba, ina furen?"

Ya nuna mata jikin tulun. Wurin sumul, sai fuskarsa da ya gani.

"Nan yake. Ganye biyar. Ina yaro na sha ƙirga su."

"Ban ƙaryata ka ba, Baba. Amma ba zan rubuta abin da ban gani ba. Da me kuke goge shi?"

Ya faɗa mata. Ta rufe ido, ta miƙa masa tulun.

Daga nan ya biya shagon Gil-ho, ɗan ƙanwarsa, dillalin tsoffin kaya a unguwar Insadong. Gil-ho ya yi dariya har da tari.

"Kai Kawu! Wasu, ɓarayi ke cinye musu gado, kai tsafta ta cinye naka."

"Rufe min baki."

"To na rufe. Amma akwai wani maƙeri a bayan layin nan. Sati guda zai mayar maka da furenka, ya shafa masa hayaƙi ya tsufa. Ko sarkin ya tashi ba zai gane ba. Mu kai wani gidan tarihin, a rubuta sunan tsoho, kowa ya huta."

Man-seok ya dubi tafin hannunsa. A ransa ya ga sunan a bayan gilashi, 'yan makaranta suna karantawa, a saman sunan kuma furen da aka saya a bayan layi. Ranar da wani mai ido ya gano, kakansa ne zai zama maƙaryaci, shi da ba shi da bakin kare kansa.

Ya jawo ƙyallen, ya ɗaure tulun ƙulli biyu.

"Kawu, ba furen ƙarya ba ne fa. Da can akwai shi!"

"Da can," in ji Man-seok. "Ba mai taɓa shi. Ban yarda ba."