Bencin Ƙofar Gida

Kafinta mutum ne mai saurin hannu, a kan katako da kuma a jikin matarsa. Sau biyu tana yaji. Da ya tuba ya karɓi Yesu, ta dawo da sharaɗi ɗaya: ya sake ɗaga mata hannu, ta tafi ke nan har abada.

Tsohon fastonsu bai yi masa dogon wa'azi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, haɗa benci ka ajiye a ƙofar gida. Duk lokacin da zuciya ta taso, fita ka zauna ka yi ta Addu'ar Ubangiji har ta sauka."

Shekara tara bencin nan yana shan zama. Tun yana fita sau uku a rana har ya koma sau ɗaya a wata. Maƙwabta kan tsokane shi, "Yau ma gishiri ya yi yawa ne?" Sai ya yi dariya ya ci gaba da addu'arsa.

Fasto ya rasu, aka naɗa Kafinta dattijon coci, kai ya fara kumbura. Ina dattijo ina zaman ƙofa kamar ɗalibin da aka koro daga aji? Wata Lahadi ya saɓo bencin ya dire a gaban jama'a.

"'Yan'uwa, tsohon mutumin da ke cikina ya mutu! Ni da fushi mun raba gari. Ga shi, na bar wa coci."

Coci ya ɗauki tafi, ban da matarsa. A hanya ta ce, "Maigida, da ka bar shi. Ba ci yake ba, ba sha yake ba."

"Ƙarancin bangaskiya ke damunki," in ji shi.

Bayan wata biyu, da tsakar rana, ta sauke tukunya mai zafi a kan teburin da ya kwana uku yana gogewa. Gindinta ya bar baƙin zobe. Ya ji wutar nan ta dā ta taso, ƙafafunsa suka kai shi ƙofa da kansu. Ba komai sai shatin ƙafa huɗu a siminti. Ya yi niyyar durƙusawa a nan, sai wani maƙwabci ya ɗaga masa hannu, "Barka da rana, Dattijo!" Kunya ta kama shi, ya amsa da fara'a, ya koma ciki da wutarsa.

Mari ɗaya ne. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Kafin yamma ta ɗaure kayanta ta fice.

Washegari ya tafi coci ɗauko bencinsa. Ya tarar an yi masa farin fenti, an kafe shi a bango kusa da bagade, can gaba inda fasto ke tsayawa, an rubuta a jikinsa: AN 'YANTAR DA NI. Ya kai hannu ke nan mai sharar coci ta yi maza ta tare shi.

"A'a, Dattijo. Wannan ai ba na zama ba ne, na shaida ne."