Gajeru Biyu, Dogo Ɗaya

Tun ranar da ƙanena Auta ya fara fodkas ɗinsa na tarihi na san wata rana sai ya jawo mana magana. Shiri ne irin na rediyo, amma a waya ake ji, kowa da lokacin da ya ga dama. A cikin kabad ɗin kayana yake ɗaukar murya, wai tufafi suna shanye amsa-kuwwa. Sai in dawo daga kemis a gajiye, in buɗe kabad zan canza kaya, in tarar da ƙato mai gemu ya naɗe tsakanin rigunana da makirfo a baki, yana yi min alama da hannu wai in yi shiru. A ɗakina fa.

Da can tarihin nasa bai wuce tsohuwar tashar jirgin ƙasa da gidan siliman da aka rushe ba, tsofaffi suna ji suna tuna ƙuruciya. Kwatsam sai ya ɗauko yajin aikin kamfanin ashana.

Kowa a garin nan ya san labarin, kuma ba mai yin sa. Tun kafin a haife ni ma'aikata suka tafi yaji, aka kulle ƙofar kamfani da wasu a ciki, wasunsu har yau ba su koma gida ba. Shugaban masu gadi na lokacin yana nan da ransa. Yanzu Ciyaman ake ce masa. Rabin shagunan babban titi nasa ne, har da kemis ɗin da nake aiki, 'ya'yansa kuwa in suka ce a rufe layi rufewa ake yi.

Babanmu direban kamfanin ne a wancan zamani, kuma ban taɓa jin ya ambaci yajin ba ko da wasa. Auta ya yi naci har ya gaji. Sai bayan da Baba ya kwanta asibiti da hawan jini ya fito, wata safiya ina wurin aiki, ya ce wa Auta ya kawo na'urarsa ta ɗaukar murya. Da na ji na yi faɗa har muryata ta dushe. Auta ya rantse min cewa ko ni ba zan gane ba: ya cire sunaye, ya sa kwamfuta ta canza muryar, ya kira shi wani tsohon ma'aikaci kawai.

Ranar da shirin ya fito, a bayan kanta na saurara da abin ji a kunne ɗaya. Gaskiyar Auta, muryar kamar daga cikin tanki take fitowa. Mutumin ya ce da yammacin ranar aka ce ya kawo babbar mota ƙofar baya, aka loda abin da aka loda, aka rufe da tamfol, aka ce kada ya waiwaya. Bai faɗi inda ya kai ba. Har na fara sakin jiki, sai na ji ya ce da ya iso ƙofar ya yi hon, ya kuma kwaikwaya da baki. Gajeru biyu, dogo ɗaya.

Kwalbar da ke hannuna ta suɓuce.

A kamfanin kowane direba da hon ɗinsa, don mai gadi ya san wanda zai buɗe wa ba sai ya leƙa ba. Ba mai ɗaukar na wani. Ina ƙarama, kamfanin yana aiki har lokacin, da wannan hon marigayiya Mama take ɗora ruwan shayi, ni kuma in ruga bakin titi ba takalmi. Auta bai san wannan ba, don bayan an rufe kamfani aka haife shi. Daɗi ma ya yi masa a kunne, shi ne ya yanko wurin ya buɗe shirin da shi, ya rufe da shi.

Na bar masu sayen magani a tsaye na taho gida. Da na yi masa bayani sai ya yi tsuru-tsuru, gemun nan duk ya zama na banza. Nan take ya sauke shirin, amma ina, an riga an rarraba a wayoyi. Washegari na ji shi a shagon aski ina wucewa, na ji shi a tasi. Yaran layinmu har sun mai da hon ɗin wasa, suna gudu suna yi da baki.

Baba dai ya daina zama a ƙofar gida.

Bayan 'yan kwanaki muna falo da yamma, na miƙa masa shayi ke nan, sai muka ji hon ɗin a waje. Wannan karon ba bakin yara ba ne, mota ce. Shayin ya zube a wandon Baba, bai ko duba ba. Na ɗaga gefen labule. Baƙar mota ce mai baƙin gilashi, ta tsaya ƙarƙashin bishiyar da ke tsallaken gidanmu. Ba wanda ya fito. Ta daɗe a wurin, sannan ta tafi a hankali.

Washegari ta dawo, jibi ma haka. Kullum da yamma, hon sau ɗaya, sai shiru. Wallahi da zagi suka yi ko jifa da ya fi min sauƙi. Tsoro ya shige ni irin wanda ban taɓa sani ba. Da rana ta fara karkata sai in kasa ƙirga ƙwayar magani daidai. Manajanmu ya kira ni gefe, yana kallon ƙasa, ya ce ɗan Ciyaman ya biyo yana tambayar jikin Baba, ya ce a gaishe shi da kyau. Maƙwabciyarmu da ba ta kwana ba ta aro wani abu a wurina ba, sai ta koma gaishe ni daga nesa.

Auta ya ce mu kai ƙara. Na tambaye shi wurin wa, kuma mu ce me, an yi mana hon? Ya ce to zai yi sabon shiri ya tona su. Na ce in ya sake shiga kabad ɗina zan kulle shi a ciki in jefar da makullin. Na haɗa wa Baba jaka zan kai shi wurin Gwaggo a wani gari. Ya dubi jakar ya ce in mayar da kayan inda na ɗauko. Abinci kuwa sai ya juya cokali ya ture.

Ranar Asabar ina guga a falo motar ta zo ta yi nata. Ko minti ba a yi ba aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Muka dubi juna. Auta ya miƙe, amma bai nufi ƙofar ba. Ni na je, da dutsen guga a hannu, wayarsa tana ja a ƙasa. Ban san me zan yi da shi ba, na dai kasa ajiyewa. Na buɗe kaɗan.

Wata 'yar tsohuwa ce da sanda, ta ƙulle waya a leda. Ta yi sallama, ta dubi dutsen gugar, ta tambaya ko nan ne gidan direba. Na buɗe baki zan ce ta yi ɓatan kai, Baba ya ce daga ciki in bar ta ta shigo.

Ta ƙi kujera, ta zauna a bakin tabarma. Ta ce jikanta ne ya kunna mata shirin. Mijinta a ɓangaren kwali yake aiki, gidansu yana bayan katangar kamfani, kuma sau da yawa Baba ke rage masa hanya in an tashi.

"Ranar nan na ji hon ɗinka," in ji ta. "Na ce to, ga direba nan, yanzu za su fito. Na tashi na ɗumama masa abinci."

Ta dubi Baba ta ci gaba.

"Ban zo faɗa ba, direba. Na tsufa da faɗa. Ina ka kai su?"

Baba ya dubi hannuwansa. Ni kuwa labule nake kallo, don ta gefensa ina hango bakin motar. Na durƙusa kusa da shi na yi ƙasa da murya. Na ce ya duba waje, na ce mutanen nan jira suke ya ƙara kalma ɗaya. Na ce ya tausaya min, ba ni da kowa sai shi da wannan sakaran. Kuka nake sosai, ban ji kunyar baƙuwa ba.

Ya dafa kaina. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, wurin ba ya faɗuwa da baki. Sai an je." Ya juya ga Auta. "Ɗauko makullin motarka da na'urar nan. Wannan karon kada ka taɓa min murya."

Ya sa takalmi, ya gyara hula a madubin falo kamar mai tafiya aiki. Sannan ya ce in kawo masa maganinsa. Na je na ɓallo na yamma, na kawo da ruwa a kofi. Ya dubi ƙwayoyin a tafin hannuna ya girgiza kai.

"Ba na yau kaɗai ba. Haɗo duka."

A ɗakinsa na tsaya ina zuba kwalaye a leda, na hawan jini da na zuciya da ɗigon ido. Ni ce ke lissafa masa su kullum, na san na wata guda ne. Na fito na tarar ya karɓe makulli daga hannun Auta, shi da ya shekara da shekaru bai riƙe sitiyari ba. Ba wanda ya ce in zo. Na kulle gida na shiga baya kusa da tsohuwar, ledar a cinyata.

Layin ya yi tsit, maƙwabta suna leƙe ta taga. Baba ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya tayar da mota. Da muka zo daidai bishiyar ya rage gudu, ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar sitiyari ya danna. Gajeru biyu, dogo ɗaya.

Tsohuwar ta rufe fuska da mayafinta. Na waiwaya. Baƙar motar ta fito daga ƙarƙashin bishiya ta biyo bayanmu, ba ta sauri. Na ƙanƙame ledar maganin, na ce wa Auta ya kunna na'urar tasa tun yanzu.