Irin Albasar Malam Dattijo

Kwana tara ke nan da Abdurra'uf ya yafa irin albasar mahaifinsa, amma ƙasa ta yi gum kamar ba a zuba mata komai ba. Kullum da safe sai ya tsuguna a bakin fangalin, ya ɗaga ciyawar da ya lulluɓe wurin da ita, ya leƙa. Ko tsinke ɗaya babu. Na maƙwabcinsa kuwa, da aka yafa bayan nasa, har ya yi kore shar.

Wannan iri fa ba na kasuwa ba ne. Shi kaɗai mahaifin nasa, Malam Dattijo, ya bari a duniya da za a nuna a ce nasa ne. Shekara talatin da ɗoriya bawan Allahn nan ya yi yana leburanci a kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Ya shiga ruwa iya ƙugu yana saran ciyawar kachala, ya kwashe laka da shebur don ruwa ya isa gonakin mutane. Lokacin dashe a ɗauke shi dashe, lokacin cirar tumatir ya ɗora kwando a ka. Dugadugansa duk sun tsage, har matarsa Hajara kan narka man kaɗe ta ɗiga masa a ciki. Da wannan ƙafa ya aurar da 'ya'ya mata huɗu, ya kai autansa Abdurra'uf har sakandare, kuma ba a taɓa jin ya tsaya ƙofar wani yana roƙo ba.

Gonarsa 'yar tsiri ce a gefen ƙaramin kanal, in ka yi tafiya da sauri sai ka wuce ta ba ka sani ba. Amma a nan yake sarautarsa. Duk shekara da hannunsa yake tsince albasar da za ta zama uwar iri: ja jawur, mai siririn wuya, mai tauri. Waɗannan ba a taɓa su. Sau ɗaya Hajara ta yi kuskuren yanka guda a miya, ai kuwa kwana uku yana mita, yana kuma shan miyar. Sai ya sake dasa su, su yi farin fure, ya bi su kai-kai yana yanka, ya shanya a tabarma, ya murje da tafin hannu. Albasar da ke fitowa daga irin nan takan kai tsakiyar damina a ajiye ba ta ruɓe ba.

Aibinsa ɗaya a wurin Abdurra'uf: sakin hannu. Kowa ya yi sallama ya ce iri yake so, sai tsohon ya ɗauko wani ɗan gwangwanin tumatir da ke kan dakalin zaure, ya cika, ya juye masa a hannu ya ce, “In ya yi, ka ba wani.” Shi ke nan. Abdurra'uf ya yi ta cika yana batsewa. Masu manyan gonaki, masu injin ban ruwa, wai su zo su tara hannu a gaban lebura! In ya yi magana, uban dariya kawai yake yi.

Da Allah ya yi wa Malam Dattijo rasuwa, shekara biyu da suka wuce, Abdurra'uf yana Kumbotso yana tuƙin A Daidaita Sahu. Ya zo ya tarar da irin shekarar a cikin ƙwarya, baƙi sidiƙ, wanda uban ya murje da hannunsa sati biyu kafin ya kwanta. Ya juye shi a gwangwanin madara, ya danne murfi, ya kulle a akwati. Bayan sadakar arba'in sai ga Malam Sharif, abokin aikin marigayin tun suna samari, ya zo da shawara: ko dai ya shuka irin a bana, ko ya ba shi ya shuka. Nan gogan naka ya murtuke fuska. Ya ce an ci na Baba yana raye, yanzu kuma wanda ya rage ba mai taɓa shi. Tsohon ya hau kekensa ya tafi. Hajara ma ta yi magana, amma wanda ke ji da kansa ina zai ji ta uwa?

To, bana ne birni ya ishe shi, ya dawo gida da niyyar raya gonar ubansa. Ga abin da ya tarar.

A rana ta goma ya shigo gida kamar an zare masa laka. Hajara na tsakar gida tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba ta ce, “Auta, irin albasa ba ya son ajiya. Babanku bai taɓa barin sa ya ga damina biyu ba. Ya mutu, sai haƙuri.”

Maganar ta doke shi a ƙirji. A gidan nan aka haife shi, amma da yake tun yana ƙarami gudun gona yake yi, abin da kowace tsohuwa ta sani shi bai sani ba. Aikin shekara talatin, rana ba ta kashe shi ba, tsutsa ba ta kashe shi ba, sai shi ɗan cikinsa, da ɗan makullin akwati. Ya shiga ɗaki ya yi kuka, kukan da ko ranar jana'iza bai yi ba.

Hajara ta ce ya je wurin Malam Sharif. Kwana biyu yana kewaye-kewaye, kunya ta hana shi. A na uku ya wanke ido ya kama hanyar Bunkure.

Ya same shi da hantsi yana ban ruwa, yana buɗe bakin fangali da fartanya. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya faru, ya nemi gafara. Tsohon ya bar shi a durƙushe sai da fangali biyu suka sha suka ƙoshi, sannan ya ɗauraye hannu ya ce ya biyo shi.

Suka bi gefen kanal. Ko'ina masu albasa ne, kowa na kan renonsa. Malam Sharif ya tsaya wurin wani mutum da Abdurra'uf bai taɓa gani ba, ya tambaye shi wace albasa ya yafa. Mutumin ya ce 'yar Dattijo mana, wa zai ɓata ruwansa a kan wata? Na gaba ma haka ya ce. Na ukun wani Bafulatani ne da ke noma kusa da rugarsu. Ya ce surukinsa ne ya kawo masa daga Kadawa, kuma shi a zatonsa masu binciken gona ne suka fito da ita, wataƙila sunan wani babban malaminsu ne.

“Ka ji ko,” in ji Malam Sharif, “sun mai da ubanka farfesa. Har na maƙwabcinka da kake leƙe, ita ce.”

Abdurra'uf ya dubi koren da ya miƙe iya ganinsa a gefen ruwan da ubansa ya yi ta yasa, ya ji kansa ya yi girma, ya ji kuma kamar ya nutse a ƙasa. Da ƙyar ya tambaya, to in akwai irin haka ko'ina, me ya kai Baba Sharif neman na akwati?

“Ba rasawa na yi ba, ɗana. Na ƙarshen da ya murje da hannunsa ne ba na so ya mutu. Wannan kam ya tafi.”

Suka koma bukkar gona. Tsohon ya kwance bakin wani ƙullin zane, ya ɗebo iri sabo, na bana. Abdurra'uf bai zo da mazubi ba. Sai ya sake durƙusawa, ya haɗa hannu biyu ya tara, daidai yadda ya sha ganin mutane suna yi a ƙofar gidansu yana hararar su. Irin ya zubo masa a tafi, baƙi, mai sanyi.

Malam Sharif ya ce, “In ya yi, ka ba wani.”

Ran kwana bakwai da yafa sabon irin ƙasa ta tsage, tsiro ya leƙo sirara-sirara. Da Abdurra'uf ya dawo daga gona, sai ya birkice ɗakin ajiya har ya gano ɗan gwangwanin tumatir ɗin nan, duk ya yi tsatsa. Ya goge shi da yashi, ya mayar da shi kan dakalin zaure.