Waƙar Djibo a Gaban Lajna

Zabeirou ya sake wanke hannuwansa a famfon bayan zauren, amma siminti ba ya jin sabulu. Ya cinye masa kan yatsu, ya bar su kamar bawon rogo. Ya taɓa tsirkiyar gurminsa, bai ji ta ba sai da ya danna.

"Bari haka nan, ba hannu za su duba ba," in ji Maliki, wani Bakano mai shagon rediyo a unguwar Manshiya, wanda ya rufe shagonsa don ya yi masa tafinta. "Ka dai riƙe abin da na faɗa maka. Minti uku ne. Kana zama ka shiga waƙar. Ba gaisuwa, ba kirari."

"To, na jiya."

"Jiya ma haka ka ce."

Lajna, wato kwamitin da ya zo daga Tarabulus, waƙa yake nema wadda za ta wakilci ƙasar Libiya a wata gasar waƙoƙin ma'aikata a ƙetare. Yankin kudu zai fitar da ɗaya, a kai ta kara da na sauran yankuna. Shekarun nan kuɗin mai sun yi wa ƙasar yawa, har ana neman ramin da za a zuba su, don haka sanarwa ta ce duk mai aiki a nan garin Sabha ya zo ya gwada. Zabeirou ba yaro ba ne. Ya san ba za a ɗauki lebura ɗan Nijar a sa shi a jirgi da sunan Libiya ba. Abin da ya kawo shi daban ne: an ce duk wanda ya hau, gidan rediyo zai naɗi muryarsa ya watsa, kuma tashar ana kama ta har ƙauyensu a ƙasar Tawa.

Waƙa ɗaya yake da ita, ta ƙanensa Djibo. Tare suka baro gida bayan farin da ya ƙarar da shanun iyayen gidansu, don makaɗin da ubangidansa ya tsiyace sai ya nemi shebur. Mota ta mutu musu a hamada bayan Dirku, ruwa ya ƙare, Djibo bai ga Sabha ba. Babu kabarin da za a nuna wa tsohuwarsu. Gidansu gidan waƙa ne, sun yi wa sarakai, sun yi wa mahauta, ga nasu ya tafi ba a ambace shi ko'ina ba. Tuni Zabeirou ya aika wani direba ya gaya mata ta riƙa zuwa wajen rediyon mai gari.

Tun hantsi suke zaune a benci. Mawaƙan gari suka yi ta hawa da manyan kayan kiɗa da 'yan amshi cikin fararen riguna, wannan ya yi wa rijiyar burtsatse waƙa, wancan ya yi wa sabuwar kwalta. Kowa ya cika lokacinsa sai wani siririn ma'aikaci ya buga ƙararrawa, mai naɗar murya ya danna maɓalli. 'Yan lajna uku sun sha shayi har sun gaji da shi. Zabeirou ma ya gaji, irin gajiyar da ta riga ta zauna a ƙashi, domin jiya suka zuba kankare a wani bene a unguwar Sukra, har yanzu wuyansa na jin nauyin kwano. Ya yi gyangyaɗi, ya farka, ya sake yi.

Sai bayan la'asar aka kira shi, aka ma karya sunan. Maliki ya dafa kafaɗarsa. "Kai tsaye, don girman Allah."

Ya zauna gaban na'urar naɗar murya. Ya kaɗa gurmin, yatsun suka tuna abin da suka sani. Da gaske ya yi niyyar shiga waƙar. Amma bakin da aka horar tun yana ɗan goyo ba ya fara waƙa da ka. Ya ce bari dai ya ambaci Allah da Ma'aiki, wannan ai ba gaisuwa ba ce. Daga nan kuwa ina makaɗin da zai buɗe baki bai ce da wa ya koya ba? Ya kira ubansa Assoumane, ya kira uban Assoumane. Yana ɗaga ido sai ga Hajj Mabruk a layin gaba, ɗan kwangilar da ya ba shi hutun yau, ya zo kallo da carbinsa. Mutum ya ba ka yini guda, ka tsallake shi a bainar jama'a? Ya gaishe shi. To, ka gaida baƙo ka bar masu zaure? Sunayen 'yan lajna kuwa tun da safe da aka gabatar da su kunnensa ya ajiye su, don sana'ar ke nan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan kirarinsa. Shugaban lajna ya ji sunansa cikin harshen da bai sani ba, ya ajiye kofi, ya yi murmushin farko a ranar.

Can gefe Maliki yana ta juya hannu kamar mai korar kaji. Zabeirou ya gan shi, ya gyaɗa kai, ya sauya kiɗan zuwa na waƙar. Ya ja numfashi.

Ƙararrawa ta buga. Mai naɗar murya ya danna maɓalli.

Aka tafa, har da Hajj Mabruk. Shugaban ya yi magana, Maliki ya matso yana fassarawa, murya ƙasa-ƙasa. "Wai muryarka da daɗi. Wai waƙar ce sunaye suka yi mata yawa."

"Gaya mishi ban fara ba."

Maliki ya gaya masa, har da roƙo, yana nuna minti ɗaya da yatsa. Shugaban ba mugu ba ne, ya gaji ne kawai. Ya nuna bencin da ke cike da masu jira, ya buɗe tafukansa. "Halas," ya ce da Larabci, wato an gama. Wannan ba ta bukatar tafinta.

Ba su tsaya jin wanda aka zaɓa ba. A bakin titi suka tsaya jiran motar da za ta yi unguwarsu ta Tayuri, manyan motocin siminti suna wucewa suna girgiza ƙasa. Zabeirou ya naɗe gurmin a tsohon buhu. Baƙin ciki ya cika shi, amma ko ƙarfin yin fushi ba shi da shi, kuma da wa zai yi?

Maliki ya buɗe baki zai ce ai na gaya maka, ya dubi fuskar mutumin, ya haɗiye. "Za su sa abin da suka naɗa," ya ce. "Ko ba komai tsohuwa za ta ji muryarka. Ta san kana raye."

"Za ta ji."

"To, ka gani."

"Ba ka gane ba, Malam Maliki. Matar makaɗi ce, ta san yadda aka yin abin." Ya gyara buhun a hammata, yana kallon hanya. "In ta ji ina kiran sunayen ga, ta san gaisuwa ce, waƙar tana tafe. Sai ta ce ma yara su yi shiru. Sai ta gyara zama."